AKWAI MAI JIRANMU A BAKIN GAƁA

Tunani domin Nuwamba, watan tunawa da matattu masu aminci

Da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Amin.



Watan Nuwamba ya sake zagayowa. Ranar 1 ga wata Ikilisiya takan yi bikin dukan tsarkaka, kashegari kuma ta durƙusa ta yi roƙo domin dukan matattu masu aminci. A majami'unmu akan raba takardu domin kowane gida ya rubuta sunayen nasa da suka riga mu gidan gaskiya, a ajiye su kusa da bagade har ƙarshen wata. Na yi shekaru ina karɓar waɗannan takardu a bakin ƙofa lokacin da nake aikin katekis, na kuma lura da abin da ake rubutawa. Iyaye ne, da kakanni, da miji ko mata, da 'ya'yan da Allah ya karɓi abinsa tun suna ƙanana. Haka ya kamata. Amma da wuya ka ga wanda ya rubuta sunan aboki, wanda ba jini ne ya haɗa su ba, ba aure ba, sai dai wani abin sha'awa da suka yi tarayya a kai: ƙwallo, ko dara a gindin bishiya, ko farauta, ko waƙa a ƙungiyar mawaƙa. A kan irin waɗannan abokai nake so mu yi tunani a bana, domin akwai bashinsu a kanmu, ni kuma na san nauyin wannan bashi da kaina.

Littafin 'yan fatsa

A cikin akwatina akwai wani tsohon littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yage, gara ta ɗan taɓa gefensa. Littafin ƙungiyarmu ne ta masu kamun kifi da fatsa a Gulma. An turo ni koyarwa ƙasar Argungu a 1976, shekarar da gwamnati ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka watsa matasan malamai ƙauyuka ko'ina. Ban san kowa ba, Kiristoci kuwa a wannan yanki ba mu fi a ƙirga mu da yatsu ba. Ranar Asabar ba makaranta, sai kaɗaici ya kore ni zuwa bakin gulbi. Can na tarar da wasu baƙi irina, kowa da sandar gorarsa da gwangwanin tana. A hankali muka zama mu tara: malaman makaranta uku, malamin asibiti, ɗan sanda, makanike daga Gabas, direban babbar mota, malamin gona, da wani dattijo Basarke wanda duka muke kira Baba. Baba da malamin gona Musulmi ne, sauranmu Kirista.

Mu dai ba masunta ba ne. Su sana'ar Sarkawa ce da Kabawa, gadonsu tun kaka da kakanni, su ne masu taru da birgi da mamari da jirage. Mu 'yan sha'awa ne kawai, mukan wuni a kan tarwaɗa uku da karfasa biyu mu dawo gida muna fahariya. Baba ne ya koya mana ɗaura ƙugiya, da sa totuwa a jikin zare domin a ga lokacin da kifi ya taɓa, da sanin inda kurungu yake kwana, da yadda ake riƙe shi kada ƙayarsa ta soki mutum. Shi ya gargaɗe mu a kan minjirya, bayan ɗan sandan nan ya damƙe ta da hannu ya yi ihun da aka ji a ƙetaren ruwa. Ya kuma koya mana ladabin ruwa, cewa akwai wuraren da Sarkin Ruwa ya hana taɓawa sai lokacinsu ya yi, baƙo kuwa ba ya ƙetare dokar masu gida. In ɗayanmu ya ƙosa ya fizge fatsa tun kifi bai haɗiye ba, sai Baba ya girgiza kai ya ce, "Malam, mai gaugawa ba shi cin kihi."

Ni ne magatakarda. A cikin littafin nake rubuta wanda ya zo, da abin da kowa ya kama, da kuɗin karo-karo na wata. In lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya zo, mukan tafi tare mu tsaya a gaɓar Matan Fada muna kallon dubban masunta suna rugawa cikin ruwa da homa da gora, muna gardama a kan nauyin giwan ruwan da za ta ci gasa. Baba yakan tuna mana cewa wannan biki na sulhu ne, domin a 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan tsawon zamanin gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, aka yi masa su na girmamawa. A lokacin labarin sarakuna kawai na ɗauke shi. Ban san ni ma zan buƙaci darasinsa ba.

A makon jiya na buɗe littafin, jikata tana riƙe mini fitila. Ta ce, "Kaka, su wane ne waɗannan da ka sa wa gicciye da ɗigo?" Na ce mata waɗanda suka tafi ne. Muka ƙirga tare. Cikin tara, shida sun rasu. Saura mu uku: ni, da makaniken da ya koma garinsu a Gabas, da malami guda wanda idonsa ya rufe, yana zaune wurin 'yarsa a Birnin Kebbi.

Gulbi ya sauya, mu ma mun sauya

Wanda ya san fadamar Rima a shekarun 1970 ya san ba ita ce ta yau ba. An gina madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato, aka gina ta Goronyo a kan Rima, sai tafiyar ruwa ta sauya, tafkuna da yawa da muke zuwa suka zama gonakin shinkafa. Mun ga farin 1984, mun ga ambaliyar 2010 da ta 2020 da suka cinye amfanin gona. Bikin Argungu kansa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020. Da na je kallo a wannan shekara, ɗana ne ya riƙe hannuna, na duba hagu da dama ban ga ko ɗaya daga cikin waɗanda muke tsayawa tare ba. Taro ya cika maƙil, ganguna suna tashi, ni kuwa ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Hausawa suna cewa sabo ake yi wa kuka. Gaskiya ne. Kada kowa ya ce muku wannan kuka rashin bangaskiya ne. Ubangijinmu da kansa ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru, Li'azaru kuwa ba ɗan'uwansa na jini ba ne, abokinsa ne wanda yakan sauka a gidansa a Betanya. Manzo Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, abin da ya hana su shi ne irin baƙin cikin waɗanda ba su da bege (1 Tasalonikawa 4:13). Zabura ta 90 ta auna kwanakin ɗan Adam da shekara saba'in, ko tamanin ga mai ƙarfi. Wanda ya kai wannan awo, ladan da yake samu a duniya ya haɗa da binne sa'o'insa ɗaya bayan ɗaya, har ya wayi gari babu mai kiransa da sunan wasa, babu wanda zai ce masa, "Ka tuna ranar nan?"

Safiya a Tekun Tibariya

Ina roƙonku ku buɗe Bisharar Yohanna sura 21 a cikin wannan wata, ku karanta ta a hankali. Labarin masunta ne. Bayan tashin Ubangiji daga matattu, almajirai bakwai suna tare a Galili: Bitrus, da Toma, da Nataniyel, da 'ya'yan Zabadi biyu, da wasu biyu da ba a faɗi sunansu ba. Bitrus ya ce zai tafi su, sauran suka bi shi. Duk wanda ya taɓa zama cikin ƙungiya irin tamu ya san wannan hali. In zuciya ta rikice, mutum yakan koma ga abin da hannunsa ya saba, tare da mutanen da ya saba da su. Suka kwana a ruwa ba su kama kome ba. Da gari ya waye sai ga wani a tsaye a bakin gaɓa, ba su gane shi ba. Ya umarce su su jefa taru a hannun dama na jirgin, taru ya cika har suka kasa jawo shi. Da suka iso tudu, suka tarar ya riga ya hura wutar gawayi, ga kifi a kai, ga gurasa, ya kira su su karya kumallo.

Abu uku nake so ku riƙe daga wannan labari.

Na fari, Ubangiji bai raina sunsu ba. Bai tsawata musu cewa ga duniya tana jiran bishara su kuwa suna ɓata dare a kan kifi ba. A wurin ya same su, ya sa albarka a tarunsu, ya ci tare da su. Har an ƙirga kifin, manya guda 153, Yohanna kuma ya rubuta adadin. Duk lokacin da na karanta wannan nakan yi murmushi, in ce ashe su ma suna da magatakarda. Saboda haka kada ka ce Asabar ɗin da ka yi da abokanka a bakin ruwa ko a filin ƙwallo ɓata lokaci ne a gaban Allah. A can na ga makanike Ibo yana raba guzurinsa da Basarke, a can na ga ɗan sanda yana tsaron kayan malamin gona har ya idar da sallar la'asar. Haƙurin da wa'azi bai koya mini ba, totuwa a kan ruwa ta koya mini shi.

Na biyu, ku lura da wutar gawayin. Sau biyu Yohanna ya ambaci irin wannan wuta. Ta farko a farfajiyar babban firist, inda Bitrus yake jin ɗumi a daren da ya yi musun Ubangijinsa sau uku. Ta biyu ita ce wannan ta bakin teku, inda Ubangiji ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa. Wanda aka yi wa laifi, wanda ya riga ya mutu ya tashi, shi ne ya hura wuta ya jira mai laifin, ya ba shi zarafin gyara abin da ya ɓata.

Na uku, a wannan safiya ce Ubangiji ya yi wa Bitrus maganar tsufa. Ya nuna masa cewa a ƙuruciya shi yake ɗaura wa kansa ɗamara ya nufi inda ya ga dama, amma kwana na zuwa da zai miƙa hannu wani ya ɗaura masa, a kai shi inda ransa ba ya so. Yohanna ya bayyana cewa irin mutuwar da Bitrus zai ɗaukaka Allah da ita ake nufi, mun kuma sani a Roma aka kashe shi a zamanin Sarki Nero. Amma kowane tsoho yana jin wannan magana a jikinsa. Ni da nake taka keke daga Gulma zuwa Argungu ba tare da na huta ba, yau sai an zura mini hannun riga. Abin lura shi ne, bayan wannan magana Ubangiji bai sallami Bitrus ba, sai ya sake kiransa ya bi shi. Ashe tsufa ma hanya ce ta bin Yesu. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta wa tsofaffi wasiƙa a watan Oktoba na 1999 yana da shekara 79, ya sa kansa cikin sahunsu, muka kuma ga yadda ya ɗauki rawar jiki da nauyin harshe a gaban duniya duka har ya rasu a 2005.

Bashin da na ci

Yanzu zan faɗa muku abin da ya sa na ce na san nauyin wannan bashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Wata shekara muka shirya sayen ƙaramin jirgi na ƙungiya. Malamin asibitin nan, wanda ya girme ni har nake ce masa Yaya, shi ne ma'aji. Ranar da aka buɗe gwangwani aka ƙirga, kuɗin bai kai abin da littafina ya nuna ba, karo-karon wata guda cur ya yi ɓatan dabo. A gaban kowa na ce, "Yaya, ina sauran?" Kalmomin ba su da yawa, amma muryar da na faɗe su da ita ta zargi ce, kowa kuwa ya ji. Bai ce uffan ba. Asabar ta gaba ya kawo cikon daga aljihunsa, ya ajiye a gaban Baba, ya yi sallama. Daga ranar bai ƙara zuwa bakin ruwa ba. A majami'a mukan gaisa, mu ba juna hannun salama, mu karɓi Jibin Ubangiji a sahu ɗaya, amma ni da shi mun san akwai ƙaya a tsakani.

Bayan shekaru ina duba littafin sai na ga kuskuren. Ni ne na rubuta kuɗin wata ɗaya sau biyu. Mutumin nan bai ci ko kwabo ba. A lokacin an riga an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, an mai da shi aiki Birnin Kebbi, tafiyar da mota za ta kai ka ta dawo da kai a yini guda. Na ce zan je bayan girbi. Na ce zan je bayan Kirsimati. Na ce ai maganar ta tsufa, tono ta zai fama masa ciwo. Gaskiyar ita ce girman kai ne ya riƙe ƙafata, ina katekis ina koya wa yara neman gafara. Shekara uku ina wannan jan ƙafa, sai saƙo ya zo cewa kwanansa ya ƙare.

Da na je gaisuwa, uwargidansa ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙunshi. Ta ce, "Malam, sannu da zuwa. Baban yara ya ce duk ranar da ka zo a ba ka wannan, ya ce ya san za ka zo." Na buɗe, sai ga ƙugiyoyinsa da zarensa a naɗe. Da na sani ƙeya ce, 'yan'uwana, a baya take.

Na kai wannan nauyi wurin Fada a sakramentin furta zunubi. Bai rage mini girman laifin ba, bai kuma bar ni cikin fid da zuciya ba. Ya ce, "Baba, abu uku suka rage maka. Ka mayar wa iyalinsa kuɗinsa. Ka wanke sunansa a gaban waɗanda suka ji zargin. Sa'an nan ka sa a yi masa hadayar Mas, gama hanya tsakaninku ba ta toshe ba." Na yi duka ukun. Wannan rubutu ma cikon na biyun ne.

Me ya sa muke roƙo domin matattu?

Maganar Fada cewa hanya ba ta toshe ba, ita ce koyarwar Ikilisiya tun fil azal. A Littafin Makabi na Biyu sura 12, Yahuza shugaban yaƙi ya tara gudummawa wajen dirhami dubu biyu na azurfa daga mayaƙansa, ya aika Urushalima a miƙa hadaya domin abokan yaƙinsu da suka mutu da laifi a kansu, marubucin kuma ya yaba masa domin ya yi haka ne saboda begen tashin matattu. Ku lura, abokan tafiya ne suka yi wa abokan tafiya karo-karo. Monika mai tsarki, da ajalinta ya zo a Ostiya a shekara ta 387, ba ta damu da inda za a binne ta ba, abin da ta roƙi 'ya'yanta shi ne su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji. Ɗanta Agustin mai tsarki shi ma ya ɗanɗani mutuwar abokin ƙuruciya a garinsu Tagaste, har zaman garin ya gagare shi ya ƙaura. Wajen ƙarni na goma sha ɗaya kuma Odilo mai tsarki, shugaban gidan sufaye na Kuluni a Faransa, ya keɓe ranar 2 ga Nuwamba domin roƙo ga dukan matattu, daga nan al'adar ta bazu cikin Ikilisiya duka.

Katekisim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya bayyana dalili daga lamba 1030 zuwa 1032. Waɗanda suka mutu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗa a jikinsu, cetonsu tabbatacce ne, sai dai ana tsarkake su kafin su shiga farin cikin sama. Wannan shi muke kira Purgatori. Addu'armu, da sadakarmu, da ayyukan tuba, fiye da duka kuma hadayar Mas, suna taimakonsu. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Abokaina shida ba mala'iku ba ne, na san mai saurin fushi a cikinsu, na san wanda kwalba ta fi ƙarfinsa. Wa ya fi sanin abin da za a roƙa musu in ba wanda ya wuni da su a bakin ruwa ba?

To, su Baba fa?

Jikata ta tambaye ni dalilin da ya sa huɗu suke da gicciye, biyu kuma ɗigo kawai. Na ce mata biyun Musulmi ne, a kan addininsu suka rayu, a kansa aka yi musu sutura, ba zan sa musu alamar da ba su sa wa kansu ba. Sai ta ce, "To, Kaka, su ba ka yi musu addu'a?" Na san da yawa a cikinku suna ɗauke da wannan tambaya, gama a ƙasar nan babu Kiristan da ba shi da maƙwabci ko aboki ko ɗan'uwa Musulmi da ya rasu.

Ina yi musu, kullum. Babban Taron Vatikan na Biyu ya koyar a 1964 cewa shirin ceto na Allah ya haɗa da waɗanda suka yarda da Mahalicci, ya ambaci Musulmi a sahun gaba, a 1965 kuma ya ce Ikilisiya tana duban su da girmamawa, su da suke bauta wa Allah ɗaya, suna sauraron ranar shari'a, suna riƙe da salla da sadaka da azumi. A cikin Mas ma Fada yakan roƙa wa 'yan'uwanmu da suka yi barci cikin begen tashi, ya kuma haɗa da dukan sauran matattu, ya danƙa su ga jinƙan Allah. Hukunci ba namu ba ne. Mun gaskata babu mai ceto sai Yesu Kristi, mun kuma gaskata hannunsa ya fi tunaninmu tsawo. Baba ya taɓa faɗawa ruwa da tufafinsa ya ciro direban nan da igiyar ruwa ta ja. Allahn da ba ya manta da kofin ruwan sanyi ba zai manta da wannan ba.

Baba ne kuma ya nuna mini abin da nake tunawa duk lokacin da na shiga maƙabarta. Wata bazara ya kai mu wani tafki da ya ƙafe ƙurmus, ƙasa ta tsattsage. Ya sa fartanya ya haƙa, ya ciro wani curin laka, ya fasa, sai ga gaiwa a naɗe a ciki kamar busasshen itace. Na ce ta mutu. Ya ce, "A'a Malam, wagga ba ta mace ba, ruwa taka jira." Haka Allah ya yi ta, takan shige laka ta rufe kanta watanni har damina ta sauka. Misali ne kawai, gama mutuwarmu ta gaske ce, ba dabararmu ce kuma za ta tashe mu ba. Amma Kiristocin farko da gangan suka kira maƙabartarsu wurin barci. Waɗanda muka binne suna jira ne, wanda suke jira kuwa ba ya saɓa alkawari.

Abin da nake roƙonku a wannan wata

1. In an ba ku takardar sunaye, bayan kun rubuta na gida, ku ƙara da abokai. Ku tuna da 'yan ƙungiyar mawaƙa da muryarsu ta yi shiru, da matan Zumunta da kuka yi adashi tare, da waɗanda kuka buga ƙwallo da su. Ku sa kuma makiyayan da suka yi wa wannan dayosis hidima tun zuwan limaman Dominikan Gusau a 1953: Bishop Edward Lawton da ya rasu a 1966, da Bishop Michael Dempsey a 1996, da Bishop Kevin Aje a 2019, tare da katekis na ƙauyuka da babu mai tunawa da su.

2. Daga 1 zuwa 8 ga wata Ikilisiya ta tanadi alheri na musamman domin rayukan da ke Purgatori ga wanda ya ziyarci maƙabarta ya yi addu'a, in ya furta zunubansa, ya karɓi Jibin Ubangiji, ya yi roƙo bisa nufin Paparoma, ya kuma rabu da son zunubi. Ku tafi da fartanya da tsintsiya. Akwai kaburburan baƙi ma'aikata da danginsu suka koma gida tuntuni, ciyawa ta rufe su. Mu ne danginsu yanzu.

3. In akwai wanda kake bin sa ko yake bin ka bashin magana, yana kuwa da rai, kada ka jira girbi. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma a baki ɗaya suke kwana. Sarakunan Sakkwato da Kabi sun iya zama a gaɓa ɗaya bayan jinin da aka zubar, balle kai da ɗan'uwanka a kan kuɗin wata guda.

4. Ku matasa, zumunta a ƙafa take. Paparoma Fransis ya kafa ranar kakanni da tsofaffi a 2021, Lahadi ta huɗu a watan Yuli, amma tsoho ba ya cin abinci sau ɗaya a shekara. Ku je ku zauna, ku tambaye shi su wane ne abokansa, ku bar shi ya ba ku labarin da kuka riga kuka ji sau goma. In ƙafarsa ta gaza, ku sanar da Fada a kai masa Jibin Ubangiji da shafewar marasa lafiya tun yana cikin hankalinsa.

Ni ma ban tsame kaina ba. Na yi shekara biyu ban leƙa malamin nan mai ciwon ido ba. Na riga na gaya wa ɗana, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zai kai ni Birnin Kebbi, da littafin a hannuna, in karanta masa shafi shafi, mu yi gardama a kan wanda ya fi kama tarwaɗa, sa'an nan mu ja rosari domin mutum shida.

Mu yi addu'a

Ya Ubangiji Yesu Kristi, kai da ka tsaya a bakin teku da asuba ka jira abokanka da suka kwana cikin wahala, ka dubi bayinka da suka riga mu ƙetarewa. Ka wanke su daga sauran laifofinsu, ka karɓe su a wurin da ka shirya. Ka gafarta mana abin da muka yi musu da abin da muka kasa yi. Mu da muka rage a cikin jirgi, ƙarfinmu yana raguwa, ka ba mu haƙurin miƙa hannu a ɗaura mana, da zuciyar neman sulhu tun rana ba ta faɗi ba. In namu dare ya ƙare, ka sa mu gane ka a bakin gaɓa, mu zauna tare da su a gabanka. Maryamu Uwar Allah, ki yi roƙo dominmu. Bitrus mai tsarki, masunci, ka yi roƙo dominmu.

Allah ya ji ƙan matattunmu, ya ba su hutawa ta har abada. Amin.